Afiniki da Safar Lahadi

Duk wanda ya taɓa jiran motar Zonkwa a tashar Kafanchan ya san Afiniki mai gwate. In bai san sunanta ba ya san muryarta, don ita ba ta cewa mutum ya zo ya saya, sai dai ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya rame, ta tambaye shi ko matarsa ta yi yaji ne. Ta yi barci cikin Ubangiji a daminar da ta wuce. Har yau in muka bi ta gindin mangwaron da take girka tukunyarta, ido yakan riga hankali isa wurin, sannan hankali ya tuna.

A Nok aka haife ta, gidan manoman citta. Tun tana ƙarama aka gane irin halinta. In 'yan mata suka zauna a kan fa suna tsaga citta don shanya, ita a tsaye take yin nata, a sunkuye, wai zama yana sa mata barci. Nelson, wani dogo mai sanyin magana da ke aikin reluwe, shi ya aure ta ya kawo ta Kafanchan. Da harkar jirgin ƙasa ta fara ja da baya, albashi ya koma sai an ga dama, ba ta tsaya kuka ba. Ta ari tukunya, ta auno acca, ta tsinko yakuwa da gauta, ta nufi tasha. Da Nelson ya riga mu gidan gaskiya, tukunyar nan ce ta ci gaba da riƙe gidan, ita ta kai Yemima da ƙannenta makaranta har Yemima ta zama malama a Zonkwa.

Shekara da shekaru tana tsaye gaban murhu. An sha kawo mata kujera, amma kowace kujera ta zo sai ta ƙare da ɗaukar daron kwanuka.

Abin da Afiniki ta fi so a duniya, bayan 'ya'yanta, shi ne ranar godiyar kaka a coci. A ranar, matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocin, sukan yi layi tun daga bakin ƙofa, zani iri ɗaya, farar riga, ɗankwali iri ɗaya, kowace da amfanin gona a ka. Mai doya, mai dawa, mai kabewa, mai kaza a hammata. Sai a buga tukunyar kiɗa, a kaɗa kacau-kacau, su taho da rawa har gaban bagade. Wadda ke gaba ita ke ba da taki. In ta yi sauri layi ya watse, in ta yi sanyi waƙa ta mutu. Tun Yemima tana goye Afiniki ce a gaba, da kwandon cittar da 'yan'uwanta ke aiko mata daga Nok, kuma ba a taɓa jin wata ta ce a canza ba.

Akwai kuma wani benci a cocin, kusa da taga, mai majingina da katifa 'yar siririya. Dattawan ikilisiya ne suka sa aka yi shi don tsofaffin matan da ƙafa ta gaza. A nan suke zama ranar godiya, jikoki su kai musu kayansu gaba. Wurin girma ne, kowa yana durƙusawa ya gaishe su. Amma Afiniki ta lura da abu ɗaya: ba wadda ta taɓa hawa bencin nan ta sake dawowa layi. Takan ce ita 'yar tasha ce, in ta ga bencin jiran mota ta san shi.

To, ƙafa ba ta san wannan magana ba. A hankali ta fara kumbura. Da safe lafiya lau, kafin la'asar igiyar silifas ta nutse cikin nama. Jijiyoyi suka firfito a ƙwaurinta, suka yi ta nannaɗewa kamar yaɗon kabewa. Ta shafa man zafi, ta tsoma cikin ruwan ɗumi da gishiri, ta daka citta ta ɗaura, tunda a ganinta babu ciwon da zai ga cittar Nok bai sunkuyar da kai ba. Ƙafa ta ji ƙamshi ta ci gaba da abinta.

Wani hutu Yemima ta zo gida, ta ga uwarta tana jan ƙafa, ta durƙusa ta danna yatsa a idon sawun. Wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, ya ƙi tasowa. Washegari ba shawara, ta sa ta a gaba sai asibiti. Likita ya duba ƙirji, ya duba jini, ya ce zuciya lafiya take. Jinin ne in ya gangara ƙafa yake kasalar hawowa, saboda tsayuwar shekaru ta sassauta hanyoyinsa. Ya ce akwai wata safa ta musamman mai matse ƙafa tun daga idon sawu har ƙasan gwiwa, ita za ta riƙa taya jinin hawa. Wata nas mai fara'a ta zo da tef ta auna mata ƙwauri da idon sawu. Afiniki ta tambaye ta ko wando za a ɗinka mata, ta ce in haka ne a sa aljihu.

Ba a samu daidai ita a Kafanchan ba, sai daga Kaduna Yemima ta sa aka kawo. Ta zo guda biyu cikin kwali mai sheƙi, da hoton ƙafafun wata Baturiya a jiki. Launinta kamar shayin da aka cika wa madara. Yemima ta maimaita mata duk abin da nas ta faɗa, ta ce kullum za ta riƙa sawa, ta taya ta sawa sau ɗaya, sannan ta kama motar Zonkwa.

Kada wani ya ce Afiniki ba ta ji ba. Ta ji sarai. Amma ita an raine ta a gidan da kaya iri biyu ne, na gona da na coci. Sabon abu, ko zani ne ko takalmi, gidan Ubangiji yake fara zuwa. Sai ya sha jiki, ya koɗe, sannan a sauko da shi zuwa kasuwa, daga nan gona, daga nan tsumma. Ta juya kwalin nan a hannu, ta tuna gumin 'yarta ne, ta tuna hayaƙin tasha da manja da toka. Ta ce a ranta wannan yarinya ba ta san darajar kaya ba. Ta buɗe akwatin ƙarfen da ta zo da shi daga Nok ranar aurenta, ta kwantar da safa a kan zanin zumunta, ta jefa ƙwayar kafur, ta rufe. In safar ta tsufa, ai za ta sauko tasha da kanta.

Ran Lahadi ta fito da ita. Nan ta gane safar ba ta da kunya. Ta ja, safa ta ja. Ta cije leɓe, ta kira sunan uwarta, ta jingina da gado, gumi ya wanke mata hodar da ta shafa. Ranar ce karo na farko da aka fara sujada babu Afiniki a ciki. Amma da ta shigo, kallo ya koma ƙasa. Bayan an tashi mata suka kewaye ta, wannan ta shafa, waccan ta ja ta saki. Faustina, uwar zumunta, ta ce tunda take ba ta ga irin wannan ƙafa ba sai a wurin matan mishan na da. Afiniki ta ji daɗi har kunne. Da yamma kuma ta ji ƙafafunta sakayau kamar na budurwa, ta ce lallai wa'azin yau ya shige ta.

Haka aka yi ta tafiya duk damina. Lahadi safa, Litinin akwati. In Yemima ta kira waya ta tambaya ko tana sa safa, sai ta ce tana sawa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kafin ruwa ya ɗauke, fatar idon sawunta na hagu ta yi baƙi, ta fara ƙaiƙayi. Wata rana itacen wuta ya ɗan karce ta a wurin. Abin da a da zai warke kafin a gama wanke tukunya, sai ya zauna, ya buɗe baki, yana ɗan tsattsafo ruwa. Ta ɗaure da ƙyalle ta yi shiru.

A wurin koyon waƙar godiya asiri ya tonu. Ana cikin gwada taki Faustina ta ga layi yana karkata, ta duba gaba, ta ga mai ba da takin tana ɗingishi. Da aka tashi ta ja ta gefe, ta riƙe mata hannu, ta yi ta kewaye-kewaye, ta yabi shekarun da ta yi tana hidima, ta ce jiki ba ƙarfe ba ne. Daga ƙarshe ta sauke murya.

"Maman Yemima, bana ki huta mana. Akwai wuri a bencin taga."

Afiniki, wadda ba a taɓa kayar da ita a magana ba ko a tsakiyar direbobi, sai ta gyara ɗankwali ta tafi gida. Washegari ba ta hura wuta ba, ta hau acaɓa ita kaɗai ta koma asibiti.

Nas ɗin nan mai tef ta tarar. Ta kwance ƙyallen, ta duba gyambon, fara'arta ta ragu. Ta tambaye ta ko an samo safar, ta ce an samo. Ta tambaye ta ko tana sawa.

"Ban taɓa fashi ba, 'yata. Ko Lahadi ɗaya."

Nas ta tsaya da auduga a hannu. Ta sake tambaya a hankali, ta ji labarin akwati da kafur, ta juya baya kamar tana neman wani abu a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Da ta juyo idonta da ruwan dariya.

"Mama, ran Litinin ƙafar tana tafiya hutu ne?"

Ta wanke gyambon ta rufe shi, sannan ta zauna ta yi mata bayani kamar mai lallashin yaro. Safar nan ba ado ba ce, ma'aikaciya ce, kuma ranar da aka fi tsayuwa ranar aka fi bukatarta. A sa ta da safe kafin ƙafa ta cika, in kuwa an riga an yi zirga-zirga, a kwanta a ɗaga ƙafa ta sauka tukuna. A cire lokacin barci. A wanke da hannu, a shanya a inuwa, kada a kai ta kusa da wuta. Ta nuna mata dabarar sa leda a tafin ƙafa don safa ta zame, a zare ledar ta wajen yatsu, tunda bakin safar a buɗe yake. Ta ce ta riƙa zuwa ana wanke ciwon. Afiniki ta saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya kawai ta yi, ko za ta iya rawar godiya. Nas ta ce in ta bi magana, mai yiwuwa ciwon ya rufe kafin lokacin. In ba ta bi ba, zai faɗaɗa, kuma ba rawa kaɗai zai hana ta ba.

Sai ga matsala ta biyu. Yatsun Afiniki sun sha wuta da ruwan sanyi, ba su da ƙarfin kokawa da safa kowace safiya, ga kuma ciwo da ba a so a goge.

A nan Nene ta shigo labarin. Nene Bafulatana ce mai tallan nono, rugarsu tana can hayin layin dogo. Tun suna da ƙuruciya gidan Afiniki ne zangonta na farko in ta shigo gari, ta zuba mata ludayin nono, ita kuma ta ajiye mata gwate a kwano mai murfi. Ko a shekarun da gari ya yi zafi, mutane suka daina gaisawa a hanya, kwanon nan bai daina jiran mai shi ba. Ba su taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba, ba su kuma taɓa kwana da fushi ba.

Da safen nan Nene ta yi sallama ta ji nishi. Ta leƙa ta ga Afiniki a kan tabarma, ƙafa a sama, leda a yatsu, safa ta maƙale a dunduniya. Ta sauke ƙwaryarta a hankali don kada dariya ta zubar mata da nono, ta yi mai isarta, sannan ta naɗe hannun riga.

"Kawo ƙafar nan. Hannun da ya tatsi saniya mai harbi ba zai ji tsoron tsumma ba."

Ta tattaro safar a tafin hannu, ta bi da ita sannu a kan bandejin, ta haura da ita kamar mai murza hantsa, ta lallashe duk wata tattara. Kafin Afiniki ta gama yi mata gargaɗin kada ta yaga, an gama. Nene ta ja da baya ta ƙare mata kallo, ta ce ƙafar Baturiya, fuskar Nok. Afiniki ta ce gara ita tana da abin kumbura, wasu kuwa karan dawa biyu Allah ya ba su, ko sauro ya sauka sai ya yi kuka. Nene ta ce karan dawan nan su ke kawo ta daga ruga kullum, mai tafiya ba ya kumbura, sai wanda aka kafa wuri ɗaya kamar turke.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Afiniki ta tashi ta ɗora tukunya, ta dawo ta kwanta, ta jingina ƙafafu da bango har Nene ta iso. Wannan kwanciya ita ce azabar da ta fi ciwon. Tana kwance tana jin tukunya tana tafasa, tana jin motocin farko suna tashi babu ita, tana ba kajin gida umarni daga tabarma. In Nene ta makara, tun daga ƙofa za ta fara jin tarihin lalacin Fulani. In ta zo da wuri kuma a ce mata ba ta bar ƙafa ta sauka ba.

Ranar da safa ta fara zuwa tasha, Afiniki ta ji kamar ta kai amarya wurin fasa dutse. Ta yi ta kare ta daga tartsatsin wuta da gefen zani. Ishmael, wani direban motar Zonkwa da ya girma a kan gwatenta, ya zo da kwanonsa, ya dubi ƙasa, ya cire hula.

"Mama, wace ƙungiyar ƙwallo ce ta saye ki?"

"Wadda ta kore ka," in ji ta, ta kuma mayar da ƙashin da ta riga ta ɗebo masa cikin tukunya.

Ta koyi wani abu kuma da ba wanda ya zaci za ta koya. In masu saye suka yi sauƙi, sai ta sauke daro daga kan kujera, ta kife shi, ta hau kujerar ta miƙe ƙafa a kai. Duk wanda ya ce yau ga Afiniki a zaune, sai ta ce ba zama take ba, ajiye ƙafa take yi.

Citta ta nuna a gonaki, aka fara tonowa, dawa ta sunkuyar da kai. Ciwon ya yi ta tsukewa kamar bakin jaka, har wata rana nas ta buɗe ta ga sabuwar fata, ja-ja, siririya. Ta ce za ta iya rawa, amma da safa, kuma ban da tsalle. Afiniki ta ce ita ba akuya ba ce. Daga asibiti gidan Faustina ta wuce, ta tsaya a tsakar gida ta taka mata taki uku masu kyau. Faustina ta tafa hannu ta ce magana ta ƙare.

Ran Asabar ta jajibirin godiya, ɗan acaɓa ya kawo kwandon citta daga Nok, manya-manya masu yatsu kamar hannun ƙato. Afiniki ta wanke safa tun da hantsi ta shanya a inuwa kamar yadda aka ce. Da la'asar ta zuba garwashi a dutsen guga, don a gidansu ba a shiga gaban Ubangiji da tattararren kaya. Ta goge zanin zumunta, ta goge farar riga, ta goge ɗankwali, har hankici. Ta jera su a kan gado, sumul. Sannan ta ɗauko safa ta ajiye a gefensu, ta ga yadda ta yamutse kamar fatar maciji. A sauran Lahadi takan kau da kai. Amma gobe godiya, kuma ita ce a gaba.

Ta tuna an ce ban da wuta. Ta yi wa kanta shari'a, ta yanke cewa dutsen guga ba wuta ba ne, ɗumi ne, kuma ba dannawa za ta yi ba, shafawa kawai.

Ƙaurin ne ya fara gaya mata. Ta ɗaga dutsen, rabin safa ɗaya ya biyo shi yana zare kamar narkakkiyar leda, ya bar rami wanda ƙwarya za ta iya wucewa. Ta tsaya da dutsen a hannu har zafi ya kai mata yatsu. Ta ajiye, ta zauna a bakin gado, zama na gaskiya. Babu irinta a Kafanchan, Kaduna kuma ba bayan gida ba ce. An ce mata da safa ko ba rawa. Hawaye ya zubo mata, ba ta ko share ba.

A haka Yemima ta same ta, ta sauko daga mota da jakarta don bikin gobe. Ta ga uwa, ta ga dutsen guga, ta ga gawar safa. Ta buɗe baki za ta yi faɗa irin na malamai, sai ta ga hankicin da aka goge har da kari, faɗan ya ƙi fitowa. Ta zauna ta rungume ta, tana dariya tana share mata fuska. Sannan ta kira nas a waya ta faɗa mata. Daga inda Afiniki take zaune tana jin dariyar nas tana fitowa ta wayar. Da ta lafa ta ce safar ba ta da hagu ba ta da dama, a sa wadda ta tsira a ƙafar da ta yi ciwo, ɗayar za ta jure yini guda, amma a nemo sabuwa da wuri, kuma a ɓoye wa Mama dutsen guga.

Da safe Yemima ta ce za ta sa mata, Afiniki ta ce hannun alli ba zai iya ba, a jira mai aikin. Sai ga Nene, ba ƙwarya a kanta, tunda ba talla ta fito ba. Aka miƙa mata safa ɗaya. Ta nemi ɗayar, aka nuna mata. Ta ɗaga ta, ta leƙa Afiniki ta cikin ramin, kuma wannan kallon ya fi duk zagin da ta taɓa yi mata. Ta durƙusa ta sa mata a hagu da kulawar da ta fi ta kullum, ta shafa wurin tabon da tafin hannu, ta ce ta je ta taka a hankali, in ta faɗi kada ta ce ta san ta.

Zanin rawa ba ya sauka har ƙasa, sai an ɗan ɗage shi don ƙafa ta samu hanya. Yemima ta ce a sassauto shi ya rufe, Afiniki ta ce ba ta taɓa share coci da zani ba, ba kuma yau za ta fara ba. Haka ta isa bakin ƙofa, kwando a ka, ƙafa ɗaya baƙa, ɗaya ruwan shayi. Mata sun riga sun yi layi. Faustina, wadda takan mayar da mace gida a kan ɗankwalin da bai dace da na sauran ba, ta zo tana duba kowa. Ta iso gaba, ta dubi ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Maman Yemima, wacce ce taki a ciki?"

"Duka biyun. Ɗaya ce ta je Turai ta dawo."

Faustina ta toshe baki da hankici, ta ɗaga hannu ta ba masu kiɗa alama.

Aka buga tukunya. Afiniki ta ɗaga murya ta ba da waƙa, mata suka amsa, ta jefa ƙafar hagu. Yara ne suka fara gani, suka zunguri juna, dariya ta bi benci-benci har ta kai wurin dattawa, fasto ma ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Ita ko a jikinta. Kai a miƙe, kwando ko motsi, kafaɗa tana amsa kiɗa, tana tafiya sannu kamar ruwa a fadama. Wani abin mamaki kuma, matan da ke bayanta, da suka saba rikita hagu da dama, ranar ba wadda ta ɓata. Farar ƙafar nan ana hango ta tun daga ƙarshen layi, in ta tashi kowa ya san hagu ce. Ba mu taɓa taka rawar godiya da ta haɗu kamar ta shekarar nan ba. Kafin a kai tsakiyar coci masu dariya sun koma tafi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Ta isa gaban bagade, ta durƙusa da kwandon a ka ba tare da ta dafa kowa ba, ta sauke shi, ta miƙe. Gumi ya jiƙa farar rigar da ta sha guga. Hanyar komawa wurin zama ta gaban bencin taga ta bi. Tsofaffin suka ga yadda take haki, suka matsa, ɗaya ta bubbuga katifar da hannu tana kiranta. Afiniki ta tsaya, ta rusuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata.

"Ku riƙe mini wurin, iyayena. Ba bana ba."

Ta wuce ta zauna cikin 'yan layinta, ta miƙe ƙafar a ƙarƙashin bencin gaba, tana fifita da hankici.

Ba ta je karɓar wurin ba. Sabuwar safa ta zo, ta sa ta kullum har ta koɗe, ƙafa kuma ba ta sake buɗewa ba. Da damina ta yi tsaka wani zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana kaɗan, ba ta wahala ba, ba ta wahalar da kowa ba. Yemima tana riƙe da hannunta ta tafi.

Mun yi rashi, ba ƙarami ba. Ubangiji da ta yi wa rawa da dukan ƙarfinta ya karɓe ta, ya ba Yemima da ƙannenta haƙuri, ya ba Nene, ya ba mu.